Mutanen da Zuwan Dada Ke Tonowa

A yawancin gidajen Sintali akwai tsohuwa guda da aka baro a garin asali, Mutum Biyu ko Lau ko Garba Chede, wadda ta rantse ba za ta tare a Jalingo ba ko da bene za a gina mata. Sai an yi wata ana lallashi kafin ta yarda ta zo Babbar Sallah, shi ma da sharaɗi: kwana uku cur, domin awakinta ba sa cin dusa daga hannun kowa sai nata. Tamu, ta Mutum Biyu, Dada muke kiranta, kuma ita kanta ba ta da wuyar sha'ani. Tabarma, buta, goro da 'yar rediyonta sun ishe ta. Wahalar tana wajen mutanen da zuwanta ke tonowa. Shekara guda kuna tare, kuna haɗa sahu a masallaci, kuna gaisawa a bakin famfo, ba ka san abin da ke cikin cikinsu ba sai ranar da aka ce tsohuwa ta kamo hanya.

Wanda ke fara bayyana shi ne mai bin mota da waya. Tun Dada ba ta gama ɗaure kayanta ba ya samo lambar direba, daga nan bawan Allah ya shiga uku. “Malam direba, kun tashi? Kun wuce Iware? Wace kujera aka ba ta? Ka rage gudu, uwa ce ka ɗauko.” Kowace amsa ya samu sai ya leƙo tsakar gida ya shelanta. Sun tsaya shan mai. Sun tashi. Taya ta yi ƙasa. Amma da zarar mota ta shigo tasha, aka nemi ƙato ɗaya da zai je ya kinkimo buhun masara, ƙwaryar man shanu, ƙullin daddawa da kaji biyu masu rai, sai a tarar cajinsa ya ƙare, shi ma ya ƙare tare da cajin.

Matar gida kuwa tun saura mako ta daina barci. Shekararta ashirin da ɗoriya a gidan, 'ya'yanta shida, babbar har an kawo kuɗin gaisuwarta, amma a bakin Dada har yau Amarya ce. An kankare gindin tukwane, an shanya katifu, an share yana daga lungunan da ko mai gidan bai san da su ba. Matar da in ta ƙwala wa yaro kira ake jiyowa daga bakin titi, ranar da Dada ta sauka sai ka kasa kunne kafin ka ji me take cewa. Ruwa ma a durƙushe take miƙawa. Dada ba ta faɗa, ba ta tsawa. Za ta zaga gidan a hankali da carbinta, ta ɗaga murfin randa ta leƙa, ta mayar, ta ce, “Sannu da aiki, Amarya.” Shi ke nan an samu abin yi. Da dare za ka ji Amarya a bayan ɗaki tana waya da yayarta, suna auna yadda aka mayar da murfin nan: a hankali ta rufe, ko da ɗan ƙarfi?

Maigidan, wan mahaifina, nasa ya fi ban tausayi, don shi ne ɗan fari. Dada Bafulatana ce ta asali. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in akwai wata hanya. Mutum da furfurarsa, wanda a wurin aiki ake miƙewa in ya shigo, sai ga shi tsugune a bakin ƙofa yana wasa da takalminsa, saƙo na kai-komo ta bakin yaro ɗan shekara shida. “Je ka ce wa mutumin nan ragon bana bai kai na bara ba.” Mutumin nan yana taku biyu daga tabarmar, ya ji sarai, amma sai ya jira yaron ya juyo ya maimaita, sannan ya ce, “Ka ce mata kasuwa ce.” Yaron kuma da ya gane ba a yi sai da shi, ya fara ƙara gishiri a saƙon yana neman la'ada.

Sai masanin rago. Ba a gayyatarsa, kukan dabbar ke kiransa. Zai shigo da hannu a baya, ya zaga turke, ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya danna gadon baya, ya ɗaga wutsiya, sannan ya jefo tambayar da ta kawo shi: “Nawa?” Duk abin da ka faɗa an cuce ka. In ka rage kuɗin don ka tsira, an dai cuce ka, sai dai da sauƙi. “Da ka yi mini magana da mun leƙa Iware, akwai yarona a can.” Nasa ragon kuwa ba mahaluƙin da ya taɓa gani. Bara yana ƙauye ana masa kiwo. Bana saniya suka haɗa su bakwai, sauran shidan dai ba 'yan unguwar nan ba ne. A bayansa akwai ɗalibin da ya dawo hutu da sabon karatu, wanda ya lura kunnen ragon na da 'yar tsaga, ya riƙe abin a ransa har liman ya yanka, aka yanka, jini ya kwanta, sannan ya ce akwai maganar malamai a kai. Dada ce kaɗai ke iya masa: “Maigidana, in bai halatta ba kar ka ci, kishiyoyina sa ci.”

Masu fiɗa da baki ba sa buƙatar dogon bayani. Suna tsaye cikin sabuwar shadda, nesa da inda jini zai fallatso, suna ba da umarni: bi a hankali kar ka huda fata, kar ka fasa maɗaciya, ba nan ake sa wuƙa ba. Mahaucin gaske, wanda gida goma suka ba kafin alƙalami, tun hantsi yake cewa ga shi nan a kwanar gidan.

Dada ta kafa doka tun da daɗewa cewa abincin ranar Sallah a gabanta za a ci, ba a kai wa kowa ɗaki. Sai a shimfiɗa tabarmi a rumfa, maza gefe, mata gefe, yara ko'ina. Ga waina da miyan taushe, ga tuwon shinkafa, ga kayan ciki da aka soya da albasa da yaji, tun da gangar jikin ragon an banƙare ta a bakin wuta sai gobe. A 'yan shekarun nan Sallar cikin damina take faɗowa, saboda haka rabin hankalin gidan na kan akushi, rabi na kan hadarin da ke haɗowa ta gabas.

Goggo mai hawan jini ita ke buɗe fili. Kafin a ɗaga murfi ta sanar da jama'a cewa likita ya raba ta da jan nama har abada, ta zazzago ƙwayoyinta daga jaka a ga shaida. A zuba mata romo kawai. To, a ɗan sa hanta yanka ɗaya, ita hanta ai magani ce, jini take ƙarawa. Ƙoda kuma ba ta da kitse. Tumbi fari ne, likita jan nama ya ce. In aka kai ga tsoka sai ta yi bayani cewa naman layya daban yake, ibada ce, ba ya cutar da mumini. Da la'asar za ka same ta kwance, ɗankwali ɗaure tam a goshi, tana taunar tafarnuwa, tana cewa gishirin Amarya ya yi yawa.

Kusa da ita akwai mai “alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kan abinci”, wanda ƙa'idarsa sai an yi masa tayi sau uku. Wata shekara wani yaro marar tarbiyya ya tsaya a na biyu, mutumin ya yi wata bai gaishe mu da fara'a ba. Akwai maƙwabcin da sallamarsa ba ta taɓa saɓa wa ɗaga murfin tukunya ba, yana wanke hannu yana faɗa wa kansa cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Akwai Adda mai babbar jaka, dama na kai loma, hagu na aikin leda a ƙarƙashin mayafi, wai na yara ne, alhali yaran na gabanta kumatu cike. Ɗan jami'a ya nemi cokali mai yatsu zai ci waina da shi, Dada ta bi shi da kallo har ya ajiye.

Mutum ɗaya ce ba ni da ƙorafi a kanta: Mama ta gidan da ke jikin katangarmu, 'yar ƙabilar Mumuye, Kirista. Ita ke shigowa da sakwarar doyar Zing a lulluɓe, ita ce kuma in Kirsimeti ta zo take aikowa a kira ɗaya daga cikinmu ya yanka mata kaji don kowa ya iya ci. Ita da Dada sai su miƙe ƙafa su yi awa guda suna gwada ciwon gwiwa, kowacce na ƙoƙarin nuna nata ya fi. Aibinta ɗaya, in an tambaye ta yaya miya, gaskiya take faɗa.

Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Gwarzon Sallah, wanda na fi shan wuya a hannunsa kuma ba zan so a yi Sallah babu shi ba, shi ne Bappa mai kai mutane yawon buɗe ido.

Ɗan kishiyar Dada ne, tsohon malamin makaranta, ya yi ritaya amma bai yafe wa duniya raba shi da allo da alli ba. Tun daren jajibere yake zuwa da takarda a ninke cikin hula. Bana, in ji shi, ba za a maimaita abin kunyar bara ba, bana Dada za ta ga Mambila da idonta. Ya tsara komai. Za a tashi da asuba, a karya kumallo a Bali, a yi azahar a Serti, a kama hawan dutse daga Mayo Selbe, a ratsa Nguroje, a kwana a Gembu. Washegari a kai ta Kakara ta ga gonar shayin da ake yin Highland Tea, ta tsinki ganye da hannunta. A dawowa a leƙa Gashaka-Gumti, gandun dajin da ya fi kowane girma a Nijeriya, fiye da murabba'in kilomita 6,000, inda dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Yana faɗin lambar yana kallon yara ɗaya bayan ɗaya, ko akwai mai musu. Daga nan sai tarihi ya ɓalle: yadda yankin yake a hannun Jamus ya koma hannun Ingila, yadda aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1961 mutanen suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Duk gaskiya ne, abin haushin ke nan. Ba ka isa ka kama Bappa da kuskuren shekara ba.

Abin da takardar ba ta ƙunsa ba shi ne mota. Bappa ba shi da ita, bai iya tuƙi ba, kuma a lissafinsa mutum goma sha huɗu za su shiga ta maigida, wadda ko tudun bakin gida sai an yi mata addu'a take hawa. Kuɗin mai kuwa “za a duba”. Sanyin Gembu da ke sa samari neman bargo biyu, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, shi ma za a duba. A gidanmu har musu ake yi: tsakanin tafiyar Bappa da wutar lantarkin Mambila, mai megawat 3,050 ɗin nan da ake zancenta tun muna yara, wace za ta riga isowa? Masu hankalin cikinmu sun ce wutar.

Da safiyar washegarin Sallah shirin zai fara zaizayewa. Gembu ta yi nisa, a tsaya a Serti. Hadari ya haɗo, a bar Serti, a je Lau a ga Binuwai. Maigida ya ce motar na wani ɗan ƙara, to a zaga gari. Bappa ba ya jin an ci shi da yaƙi. Zai ninke takardar ya mayar cikin hula, ya ce dama Jalingo ita ce tushe, wanda bai san gida ba me zai gane a dawa. Sai a tare keke napep uku, tun da an daɗe da hana acaɓa a cikin gari, a sa Dada a na gaba, Bappa ya maƙale gefen direba rabin jikinsa a waje, babbar riga na kaɗawa, yana nuni da sanda.

A ƙofar fadar Sarkin Muri zai sa a tsaya, ya yi gyaran murya. Hammaruwa, ƙanin Buba Yero na Gombe, shi ya kafa masarautar a 1817, shi ya sa babban titin nan ke ɗauke da sunansa. Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893. Alhaji Abbas Njidda Tafida ya hau gadon sarauta a 1988. Mai keke ya fara duba agogo. Ranar 27 ga Agustan 1991 Janar Babangida ya raba Gongola biyu, Jalingo ta zama babban birnin Taraba. A nan ne Dada, wadda tun fitowa ba ta ce uffan ba, za ta gyara mayafi ta ce, “Shekarar da jar saniyata ta haifi tagwaye.” Bappa ya yi shiru, don wannan ba ya cikin takarda. Ta ƙara da cewa ta san wurin nan tun ana ɗaure jakuna a inda yake tsaye, kuma wainar da ake sayarwa a lokacin ta fi ta yanzu faɗi.

Haka za a bi gari. Filin wasa na Jolly Nyame, a leƙa ta ƙofa. Jami'ar jiha, an kafa ta a 2008, Bappa ya nuna gini ya ce nan jikokinta za su zama manyan mutane, Dada ta tambaya ko akwai inda za a yi alwala. Filin jirgin sama na Danbaba Suntai, a tsaya daga nesa a jira ko jirgi zai sauka, Bappa ya tabbatar mana yanzun nan ya tashi, da mun yi sauri da mun gani. Ƙarshen tafiya gadar sama ta Roadblock, inda zai sa mai keke ya hau ya sauka, ya zagayo ya sake hawa, don Dada ta ji yadda abin yake. Da aka nemi ra'ayinta sai ta ce gada ce mai kyau, saura a kawo kogin. Bappa ya dawo gida murya a dishe, fuska fal annuri, ya ce wannan share fage ne.

Ayarin ma ba ya rasa masu nasu hali. Akwai wadda ake jira: kowa ya shiga keke, ita tana gaban madubi tana warware ɗaurin ɗankwali karo na huɗu, tana aiko da “ga ni nan”. Akwai mai hoto, wanda bai ga fada ba, bai ga gada ba, bai ga komai ba sai ta cikin waya. “Dada kalli nan, Dada yi murmushi, Dada ɗaga yatsu biyu,” har tsohuwa ta tambaya ko katin zaɓe ake sabuntawa. Cikin hotuna hamsin, arba'in fuskarsa ce, Dada kunnenta kawai ya fito. Akwai yaron da aka tambaya sau uku a gida ya ce ba ya ji, sai a tsakiyar gadar sama ya ce ya matsu. Sannan akwai attajirin tafiya, mai cewa “ku bari, ni zan biya” da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya zaro waya zai tura wa mai keke, ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya ce sabis ya ɗauke. Dada ce ke kwance bakin zaninta.

Duk waɗannan dariya nake musu, gobe ma in sun zo ni zan shimfiɗa musu tabarma. Akwai guda da ba na iya yi wa dariya.

Shi ba ya zuwa ranar Sallah, lokacin da gida ke cike. Sai rana ta biyu bayan azahar, da turmin atamfa da ƙullin farin goro, da baki mai zaƙi. Jika ne shi ma. Duk shekara bai taka Mutum Biyu ba. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita aka yi ta karo-karon kuɗin magani, wayarsa ba ta shiga. Yau shi ne a gindin tabarma yana matsa mata ƙafa, Dada kaza, Dada kaza, ba mu da kowa sai ke. Yana lura da tarinta, yana lura da yadda take dafa bango in za ta miƙe, kuma ba tausayi ke sa shi lura ba. Zai jira a kira la'asar maza su fita, mata su koma wajen suya, sannan ya sassauta murya. Fadamar nan ta bakin kogi, wa ke noma ta yanzu? Ai tun da shinkafa ta yi daraja mutane sun sa ido. Ai gara a rubuta wani abu tun tana da ƙarfinta, don gudun rigima a bayanta. Takardar na aljihu an riga an buga, har da 'yar tawadar dangwale.

Rigimar da yake gudu shi ne ita. Gado Allah ya riga ya raba, ya faɗi kason kowa, kuma ba a raba shi mai abu na zaune tana taunar goro. Shi ya san in aka bi ƙa'ida akwai waɗanda ke gabansa, shi ya sa yake son yatsa tun yanzu. Tsohuwa ta shiga mota ta sha ramukan hanya don ta ga jikokinta sun ci nama a gabanta, kai kuma ka zo kana auna mata sauran kwana, a gidan ɗanta, cikin Sallah. Dada ta iya da shi, ba shakka. Kunnen nan da ke jiyo raɗar Amarya daga madafa nan take yake toshewa: “Iye? Fadawa? Suna nan ƙofar fada, ɗazu muka gan su.” Zai maimaita har ya gaji ya tashi, atamfar ma wani lokaci da ita yake komawa, wai zai kai wa tela. Amma na ga abin da ke biyo baya. Daren nan ba ta taɓa tuwo, ba ta tsokanar kowa da maigida ko kishiya, kuma tun kafin a kwanta ta fara tambayar ƙarfe nawa motar farko ke tashi. Wannan mutum ko sallama ya yi sai na haɗiye wani abu kafin in amsa.

Don kar a ce na tsallake wani, akwai mai gadin nama. Kowace shekara shi ke sadaukar da barcinsa ya kwana a bakin wuta, saboda kuliyoyin unguwa da yayyafi. Mutum ne mai lura, yana zaune da 'yar wuƙarsa da ƙullin yaji yana nazarin halayen jama'a, wai zai rubuta su wata rana. Da safe akan tarar cinya ɗaya ta fi 'yar'uwarta ramewa, shi kuma ya yi bayani mai gamsarwa cewa wuta na tsotse nama, musamman ɓangaren da ke fuskantar kujerarsa. Dada ba ta taɓa tona shi ba. Takan dai ce, in ana rabo, a tsallake maigidanta na bakin wuta, ya riga ya karɓi nasa.

Ranar komawa, bayan ta raba wa jikoki barka da Sallah da tsofaffin naira ashirin-ashirin masu ƙamshin daddawa, an cika mata bokiti da soyayyen nama da dambu, sai rukunin ƙarshe su fito: masu saƙo. Ba su zo tarba ba, ba su zo gaisuwa ba, amma sun san lokacin da motar Mutum Biyu ke lodi. Wannan da ƙullin magani a kai wa surukarsa. Wancan da kan keken ɗinki. Wata ta kawo yaro sukutum, a sauke shi a Iware, akwai mai jiransa a bakin hanya, in ba a ga mai jiran ba a wuce da shi, ta aiko a ɗauko daga baya. Tsohuwar da ta zo da buhu ɗaya za ta koma da ƙulli bakwai, biyu ne nata, kuma ana sa ran ta riƙe a ka wane na wane ne.

Na bara ya fi kowa. Mota ta cika, yaron mota ya ɗaure kaya, sai ga shi a guje da jarkar manja yana haki. “Dada! Dada! A miƙa wa Inna, ki ce ina gaishe ta.” Dada ta leƙo ta taga, ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ce, “Kai ɗan wane ne?” Ya fara bayani, ai kakarsa da mijin ƙanwar Goggo uwa ɗaya uba ɗaya suke, ita ce ta auri mai awon hatsin nan na bakin kasuwa, ba na farkon ba, na biyun. Yana tsakiyar jero dangi direba ya ba mota wuta, suka bar shi a tasha rungume da jarkarsa.